Ƙudan Zuma Bai San Iyaka Ba

Ranar da kamfanin da ke sayen zuma ya dawo wa Mai Zuma da jarkokinsa goma sha huɗu, kowace da jan hatimi a gefe, sai da ya buɗe ɗaya a gaban akawun kamfanin, ya tsoma yatsa ya lasa. Zuma ce garau, irin wadda ya shekara talatin yana kawo musu. Ya tura jarkar gaban akawun.

"Ɗanɗana ka ji, don Allah. Me ya same ta?"

Akawun ya ja kujerarsa baya kamar an miƙo masa maciji. "Baba, ni ba da harshe nake aiki ba, da takarda nake aiki. Ɗakin gwaji ya ce akwai ɓurɓushin maganin feshi a ciki. Sabuwar yarjejeniya ta hana."

"Ni ban taɓa fesa komai ba. Ko sauron ɗakina da tafin hannu nake kashe shi."

"To, sai ka je ka gaya wa yarjejeniyar."

Ita yarjejeniyar nan shafi ɗari huɗu ce da 'yan kai, kuma cikin masu tayar da jijiyar wuya a kanta da wuya ka sami wanda ya karanta shafi huɗu. Gwamnati ta ƙulla ta da ƙasashen ƙetare masu sayen kayan gona. Su za su buɗe kasuwarsu, ita kuma ta hana manomanta wasu magungunan feshi. Jam'iyya mai mulki ta ce arziki ya zo har ƙofar gida. 'Yan adawa suka ce an sayar da ƙasa da mutanen cikinta. Wata shida ana wannan kumfar baki a rediyo, Mai Zuma yana ji yana kankare kakin zuma, bai taɓa zaton da shi ake ba.

Akwatunan ƙudan zumarsa ashirin da shida ne, a jere a kan duwatsu ƙarƙashin itatuwan bayan gidansa. Su ne gonarsa, su ne shagonsa, ba shi da wata sana'a bayansu. Daga akwati na ƙarshe zuwa rafi taku arba'in ne, rafin nan kuma shi ne iyaka. Da rani akuya ma tsallake shi take yi ba ta jiƙa ƙafa ba, amma a taswira ƙasa biyu ya raba, har an yi masa gada da shinge da tuta a kowane gefe.

Malamin gona, wani siririn mutum mai babur ɗin da ba ya tashi sai an tura, shi ya warware masa zancen. Ƙasar tsallake ba ta sa hannu a yarjejeniyar ba. Manomanta suna fesa audugarsu hankali kwance, ƙudajen Mai Zuma kuwa da auduga ta yi fure sai su haye, su kwaso ruwan furen da maganin gaba ɗaya.

"Ni me zan yi ke nan?" in ji Mai Zuma. "In ɗaure su da igiya?"

Malamin gona ya ce shi ma iyakar abin da aka koya masa ke nan, ya roƙe shi ya ɗan tura masa babur.

Washegari Mai Zuma ya tafi ofishin gada. Ya tarar da shugaban jami'an a ƙarƙashin fanka, ya cire takalmi, yana ɓarar gyaɗa a kan wani fayil.

"Ranka ya daɗe, so nake a yi wa mutanen tsallake magana, su riƙa jinkirta feshi in fure ya buɗe. Ƙudajena ne suke ɗauko maganin."

Jami'in ya daina tauna. "Suna ɗauko kaya daga can su shigo da shi nan? Ta wace ƙofa suke bi?"

"Ta sama, ranka ya daɗe."

"To sama ba ta hannuna. Ni gada aka ba ni." Ya hure ɓawon gyaɗar daga kan fayil ɗin, ya ƙara da cewa Mai Zuma ya yi sa'a ma da ba a tuhume shi da fasa-ƙwauri ba.

Ba a yi mako ba labarin ya kai kunnen ɗan majalisar yankin, wanda ake kira Aradu saboda ko gaisuwa zai yi sai an ji shi a layi na uku. Ɗan adawa ne, kuma shekara uku rabon da ƙauyen ya ga ƙeyarsa. Sai ga shi da motoci uku da 'yan jarida. Ya tsaya can nesa da akwatunan, ya dafa kafaɗar Mai Zuma, ya fuskanci kyamara.

"Ku dubi wannan bawan Allah! Sun zauna a otal sun sa hannu, sun kashe masa sana'ar kakanninsa! Wallahi muddin ina numfashi, ko ƙuda ɗaya ba za a taɓa masa ba!"

Daidai nan wani ƙuda ya wuce ta gefen kunnensa. Aradu ya duƙa har hularsa ta faɗi, aka ce wa mai kyamara ya yanke wurin. Kafin ya shiga mota ya sanar da cewa zai kai Mai Zuma gaban kwamitin majalisa, ya faɗa wa duniya da bakinsa.

Mai Zuma ya ji daɗi ƙwarai, domin yana da mafita, ya rasa wanda zai saurare shi ne kawai. Sau biyu yake ɗibar zuma a shekara. Ta farko daga furen itatuwa take, tun auduga ba ta tsiro ba, babu abin da ya haɗa ta da feshi. Ta biyu ce mai matsalar. Kamfani ne yake juye su a ganga ɗaya. In za a gwada ta farkon ita kaɗai, shi ke nan, ta biyun ya yi kyandir da kakinta ya bar wa ƙudajen sauran su sha.

Matarsa, wadda ita ce mai tace zumar da wanke jarkoki, tana goge masa rigar tafiya ba ta ɗago kai ba ta ce, "Maigida, ka faɗi maganar ɗiba biyun nan ka yi shiru. Na san bakinka. Da an taɓo zancen ƙuda sai ka manta a gaban wa kake."

"Haba, sai ka ce yaro?"

"Yaro ai in an harare shi yana yin shiru."

Ɗakin kwamitin sanyi ne da shi kamar cikin firji. Dogon tebur, kowa da robar ruwa da abin magana a gabansa, rabinsu suna latsa waya a ƙarƙashin tebur. Aka zaunar da Mai Zuma a ƙarshe, aka ajiye kwalbar zumarsa a tsakiya. Aradu ya ɗaga ta sama ya ce wannan ita ce martabar ƙasa da aka wulaƙanta. Wani ɗan jam'iyya mai mulki, mai tumbi da zobe a kowane yatsa, ya fizge ta ya ce wannan guba ce, kuma 'yan adawa so suke a ci gaba da shayar da 'ya'yan mutane guba. Aka ce ya janye kalmar. Ya ce ba zai janye ba. Aka yi minti arba'in ana gardama a kan ko an halatta faɗin "guba" a ɗakin kwamiti.

Sau uku Mai Zuma yana ɗaga hannu. A na ukun ya yi ƙarfin hali ya ce, "Ranku ya daɗe, ita zumar farkon shekara..."

"Shaida zai amsa abin da aka tambaye shi ne kawai," in ji shugaban kwamitin, idonsa a kan waya.

Ba wanda ya tambaye shi komai. Suka koma kan harajin taki, daga nan suka faɗa kan wanda ya ci kwangilar shingen gada, daga nan aka tono wa juna tafiye-tafiyen ƙasar waje. Mai Zuma ya zauna hannu a cinya, ƙafafunsa sun yi sanyi, yana jin kansa kamar buhun da aka manta a tasha.

Can wajen azahar wata mata daga ma'aikatar ciniki, mai tabarau, ta jawo abin magana.

"Baba, sannu da haƙuri. Tawa tambayar ƙarama ce. Shi ƙudan zuma in ya fita neman fure, iya ina yake kaiwa?"

Wani daɗi ya ratsa Mai Zuma. Tun da aka fara wannan rigima, yau ne wani ya yi masa tambaya irin ta mai hankali. Ya gyara zama.

"Yauwa, 'yata, Allah ya yi miki albarka. In fure yana kusa ba ya wuce kilomita ɗaya ko biyu. Ƙuda ba wawa ba ne, ba ya son wahalar banza. Amma in abu ya yi tsanani yana nisa. Shekarar da aka yi fari na rasa inda nawa suke samo abinci. Sai na barbaɗa musu farin gari a bakin akwati, na hau keke na bi hanyar da suke bi. Ina ƙirga duwatsun alamar titi, ɗaya, biyu, har biyar cif. Na same su a wani lambu, fari fat, suna ta aiki. Nawa ne, ba tantama."

"Kilomita biyar," in ji matar, tana rubutawa.

"Biyar cif. Ba kowa ya san wannan ba." Ya dubi 'yan majalisar ɗaya bayan ɗaya, yana jin kansa malami a aji. Sai kuma ya tuna abin da ya kawo shi. "To, ita maganar ɗiba biyu da nake son..."

Shugaban kwamitin ya dubi agogo ya ce an tashi cin abinci. Ba a sake zama ba ranar. A hanyar fita Aradu ya buga masa baya ya ce ya yi ƙoƙari, ya bar wani direba ya kai shi tasha.

Wata biyu aka ƙara ana zage-zage. Ƙasashen ƙetare suka yi barazanar rufe ƙofa ga zumar ƙasar baki ɗaya, manyan kamfanoni suka fara kiran waya, nan da nan waɗanda suka rantse ba za su zauna inuwa ɗaya ba suka gano ashe 'yan'uwan juna ne. Aka sanar an sasanta. An ƙara sashe ɗaya a yarjejeniyar: ba a yarda a ajiye akwatin zuma ba a cikin kilomita biyar daga iyaka. Gwamnati ta ce ta ceto kasuwar ƙetare. Aradu ya ce shi ya tilasta wa gwamnati ta ba masu zuma fili da motar kwashe kaya kyauta. Kowa ya yi nasara.

Malamin gona ne ya kawo takardar, ya karanta masa a tsakar gida. A ƙasanta an rubuta cewa an tsayar da wannan nisa ne bisa shaidar wani gogaggen mai kiwon zuma na yankin.

Matarsa tana tsaye da matata a hannu. Ta juya ta koma kan aikinta, kuma da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi. Masu zuma tara ne a bakin rafin nan, duk dokar ta hau kansu, kuma duk sun san wane ne gogaggen. Daga ranar in ya yi musu sallama a hanya sai su amsa wa ƙasa. Kunya ta hana shi zuwa kasuwa mako biyu.

Filin da aka ba su yana bayan ofishin gona, kilomita goma sha biyu daga gida, itatuwansa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Mai Zuma ya je ya gani, ya haɗiye takaicinsa. Zai sha hawan keke, zai riƙa kai musu ruwa, amma dai ƙudajensa suna nan. Abu ɗaya ya roƙa, har ya sa malamin gona ya rubuta aka kai ofis: a zo kwasar bayan rana ta faɗi. Duk wanda ya taɓa kiwon zuma ya san ba a ɗaga akwati da rana. Da rana ma'aikatan ƙudan suna daji, sarauniya da 'ya'ya da 'yan tsaro ne kawai a ciki. Sai duhu ya fara suke dawowa gaba ɗaya, a toshe ƙofa a ɗauka.

Ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe babbar mota ta tsaya a ƙofar gidansa, rana ta take tsaka.

Aka sauko da ma'aikata shida cikin fararen kayan kariya sababbi, ko karin ninkinsu bai baje ba. Aka kafa rumfa can bakin titi, inda ƙuda ba zai kai ba. Wani ƙaramin minista da Aradu, waɗanda makon jiya suka zagi iyayen juna a rediyo, suna zaune kafaɗa da kafaɗa suna dariya, kowa da raga a fuska.

Mai Zuma ya tari shugaban aikin, wani matashin jami'i mai allon rubutu a hannu.

"Ranka ya daɗe, na aiko da takarda. A jira rana ta faɗi. Yanzu fiye da rabinsu suna waje."

"Baba, ƙarfe huɗu muke tashi daga aiki, motar ma ƙarfe huɗu za a mayar da ita. 'Yan jarida kuma sun ce hoto ba ya kyau da duhu."

"To ku ɗauki hotonku ku tafi. Ni zan nemi mota in kai su da kaina anjima. Na rantse maka."

"Wa'adi yau ne, kuma sai na sa hannu cewa a gabana aka kwashe."

"Ɗana, in kuka ɗauke akwatunan nan yanzu, waɗanda suke daji za su dawo ba gida. Na cikin kuma ba mai kawo musu abinci. Duka biyun kun kashe."

Jami'in ya duba allonsa, ya juyo da shi don Mai Zuma ya gani. "Akwati ashirin da shida aka rubuta. Takardata ba ta ce ƙuda ba."

Mai Zuma ya ruga rumfa, mutum mai shekara sittin da ɗoriya yana gudu gaban jama'a. Ya durƙusa a gaban Aradu.

"Ranka ya daɗe, ka sa baki. Awa shida kawai nake roƙo."

Aradu ya ɗan dube shi kafin ya tuna ko wane ne. Sai ya miƙe ya ɗago shi, ya rungume shi, ya juya da shi wajen kyamara. "Ga shi nan! Kun ga har durƙusawa yake yi don godiya! Tashi, Baba, tashi, aikinmu ne!" Aka tafa. Wani ɗan sanda ya kama hannun Mai Zuma a hankali ya mayar da shi gefe.

Ma'aikatan suka cusa soso a ƙofar kowane akwati, suka riƙa ɗagawa suna dungurarwa a mota kamar buhunan siminti. Ƙudajen da suka dawo a lokacin suka tarar ana rushe musu gida, suka bi iska har rumfa. Ƙaramin minista ya yar da takardar jawabinsa, Aradu ya riga direbansa shiga mota. Kafin ƙarfe ɗaya jami'in ya ƙirga ashirin da shida, ya sa hannu, ya gargaɗi Mai Zuma cewa daga yau ko kwali aka ga ya ajiye wa ƙuda a wurin nan, laifi ne, kama shi za a yi. Mota ta tashi.

Ya kamata Mai Zuma ya bi motar ya cire wa ƙudajen ciki soson nan kafin zafi ya dafa su. Malamin gona ya ce ya bar masa wannan, matar Mai Zuma ta tura masa babur ya tafi. Shi Mai Zuma bai bi shi ba. Ya zauna a gindin itace yana kallon duwatsu ashirin da shida, kowane da alamar akwati a kansa.

Da la'asar ƙudajen suka fara dawowa da yawa. Suna zuwa da nauyi, ƙafafunsu ɗauke da garin fure, kowane ya nufi daidai inda ƙofarsa take, ya tsaya a iska yana neman ta. Su zagaya, su tashi sama, su sake saukowa. Can suka fara sauka a kan duwatsun, ɗari, dubu, har kowane dutse ya yi baƙi, suka dunƙule suna rarrafe a kan juna. Wasu suka sauka a hannunsa da gwiwarsa. Ko ɗaya bai harbe shi ba, sun gaji, kuma ba su da sauran abin da za su kare. Mai Zuma ya yi kuka a fili, bai damu da wanda zai gani ba. Ba ministan ya fi ba shi haushi ba, ba Aradu ba. Bakinsa ne ya auna musu kilomita biyar ɗin nan, yana murmushi.

Matarsa ta zo ta tsaya a bayansa. Ya share fuska da hannun riga, ya miƙe ya shiga gida. Ya fito da kwalaye uku da kwandon wanki da tsohon akwatin kayanta, ya zazzage abin da ke ciki a kan tabarma.

"Maigida, ka ji abin da yaron nan ya ce. Kama ka za su yi."

"Su zo."

"Ba sarauniya fa. Ko ka rufe su ba za su rayu ba."

"Na sani."

Ya sani sarai, ba za su kai mako ba. Amma rana tana faɗuwa, iska ta fara sanyi, ya kasa barinsu a fili. Ya durƙusa a gaban dutsen farko, ya kifa kwali a kansa, ya sa tsinke ya ɗan ɗaga gefe ɗaya don su sami ƙofa. Matar ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta koma ciki ta fara kwaso tukwanenta, domin duwatsun da suka rage sun fi ashirin.